Yadda Muka Bi Shirin Horar da Iyayen Gidan Sana'a Har Zuwa Takardar Shaida

Ni mai walda ne a birnin Kano, kuma ɗan maƙera ne gaba da baya, domin na buɗi ido na tarar da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana zaune gaban uwar maƙera yana ƙera fartanya da lauje da garma, aikina na farko a duniya kuwa shi ne zuga masa wuta. Da na gama sakandare sai ya kai ni wurin wani amininsa mai walda, na yi shekara 6 a hannunsa kafin ya yaye ni, kuma yau fiye da shekara 20 ke nan ina da shagon kaina, inda muke yin ƙofofi da tagogi da gadaje da ƙafar tankin ruwa. Yaran da suka koyi aiki a hannuna cikin wannan lokaci suna da dama, amma har zuwa 'yan shekarun nan babu ko ɗaya da ya fita da takardar da za ta nuna abin da ya iya, kamar yadda ni ma ban fita da ita ba. A wurinmu shaidar mai walda ita ce ƙofar da ya yi wa maƙwabci, da kuma bakin ubangidan da ya koya masa.

Ban taɓa ganin wannan a matsayin rashi ba sai da manyan ayyukan ƙarfe suka fara kusanto mu. A shekarar 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, a farkon 2021 kuma aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Wani yaro da na yaye, wanda nake alfahari da hannunsa, ya tafi neman aiki wurin wani kamfanin gine-gine, aka ce ya kawo takarda, ya ce ba shi da ita amma a ba shi ƙarfe ya nuna, aka ce ba haka ake yi ba. Ya dawo ya zauna a kan bencin shagona ya ce, "Maigida, ko injin ba su bari na taɓa ba." Wannan magana ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta sa ban yi watsi da labarin da shugaban ƙungiyarmu ta masu walda ya kawo mana bayan wasu watanni ba.

Abin da shugaban ya ce shi ne akwai wani shiri da ake gudanarwa da kuɗin ƙasashen waje, wanda ba sabuwar makaranta zai gina ba, shaguna irin namu zai shiga: za a horar da iyayen gida a kan yadda ake koyarwa, a ba su yara su koya musu, sannan a gwada yaran a ba su takardar shaida ta ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda suka halarci taron ba su yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin an sha zuwa a rubuta sunayenmu a ɗauke mu hoto, daga nan ba a sake jin ɗuriyar kowa ba, ga kuma 'yan damfara da ke yawo da fom na bogi suna karɓar kuɗin mutane. Shugaban ya jaddada cewa fom kyauta ne, duk wanda ya nemi ko kwabo a kawo masa ƙararsa. Sharuɗɗan su ne mutum ya kasance yana da tsayayyen shago da aka san shi da shi, yana da yara a hannunsa, yana da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki, kuma ya amince a riƙa zuwa ana duba yadda yake koyarwa. Sharaɗin ƙarshe shi ya fi yi wa wasu nauyi. Na kwana biyu ina shawara da zuciyata, sannan na cike fom ɗin.

Bayan kamar wata guda sai ga mutum biyu, namiji da mace, sun zo shagon ba tare da sun faɗi ranar zuwansu ba. Suka ɗauki hoton wurin da waya, suka ƙidaya injuna da kayan aiki, suka keɓe yarana ɗaya bayan ɗaya suna tambayarsu tsawon zamansu, da abin da aka koya musu, da ko ana dukansu, da ko ana ba su abinci. Ni na zaci kyawun ƙofofin da ke jingine a bango za su duba, amma idonsu yana ƙasa, a kan wayar wuta da muka ɗaure da leda a wuri uku, da yaron da ke walda da baƙin tabarau na kasuwa da silifas a ƙafa, da jarkar fetur da ke gefen janareta daidai inda tartsatsi ke sauka. Matar ta ce mini, "Malam, idan wuta ta tashi a nan yanzu, da me za ku kashe ta?" Na duba hagu da dama ban ga ko bokitin yashi ba. Ba ta ƙara magana ba, ta rubuta abin da za ta rubuta, ni kuwa na ɗauka an cire ni ke nan. Daga baya na fahimci cewa ba shago marar aibi suke nema ba, so suke su tabbatar akwai aiki na gaskiya da yara na gaskiya.

Sunana ya fito, amma sai takarduna suka tsayar da ni. Sunan da ke kan katin ɗan ƙasa an rubuta shi iri ɗaya, na banki wani iri, na takardar sakandare kuma an ƙara masa sunan unguwarmu, shekarar haihuwa ma ba ta zo ɗaya ba. Sakacina ne, domin na daɗe da sanin haka ban gyara ba. Sai da na yi takardar rantsuwa a kotu, na yi mako 3 ina kai da komo kafin sunayen su daidaita. A wannan mataki muka rasa wasu dattawa biyu waɗanda duk unguwarmu babu wanda ya kai su sanin ƙarfe, saboda ba su yi karatun boko ba, ba su da wanda zai tsaya musu, kuma ba za su iya rufe shago su yi ta bin layi ba. Har yau ina ganin wannan a matsayin babbar asara, domin matatar farko ta fi tace waɗanda suka fi kowa abin koyarwa, kuma da ƙungiyarmu ta ware matashi ɗaya ya bi musu takardun, da ba a rasa su ba.

An yi mana horon a wata kwalejin fasaha ta gwamnati, mako 2, daga safe zuwa la'asar, mu kusan 30. A rana ta farko injiniyan da ke jagorantar mu ya fara da abin da ba mu zata ba, wato asalin kuɗin. Ya ce kada mu ɗauka duk abin da aka kira tallafi kyauta ne, domin kuɗin da ke shigowa da sunan ilimi da sana'a iri biyu ne. Akwai kyauta, irin kuɗin shirin Mafita da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa tun daga 2015 a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, wanda ya fi mayar da hankali ga almajirai da 'yan mata da masu buƙata ta musamman. Akwai kuma rance mai sauƙi, irin dala miliyan 200 da Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya a watan Fabrairun 2020 domin shirin IDEAS, wanda Kano da Gombe suna cikin jihohi 6 da aka zaɓa a gyara kwalejojin fasaharsu. Irin wannan rance kuɗin ruwansa kaɗan ne, wa'adin biyansa kuma shekaru ne masu yawa, amma dai bashi ne. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya, to wa zai biya?" Ya amsa masa da cewa, "Baba, mu da ku, da waɗannan yaran da za ku koya wa." Zauren ya yi tsit. Tun daga ranar na daina kallon irin wannan kuɗi a matsayin dukiyar da ba ta da mai ita, domin idan kyauta ce, harajin wasu ma'aikata ne irinmu a wata ƙasa, idan kuwa rance ne, guminmu ne da na 'ya'yanmu aka ci tun kafin ya zuba.

Na shiga horon da tunanin babu abin da za a koya mini game da walda, kuma a wajen riƙe sanda da sarrafa hannu haka ne, babu. Amma akwai abubuwan da na yi shekara 20 ina yi ban san dalilinsu ba. Lambar 6013 da ke jikin sandar waldar da muke saye kullum, ni a wurina suna ne kawai, sai a nan na ji cewa 60 ɗin farko ƙarfin jan da haɗin zai iya ɗauka ne, wato nauyin fam dubu 60 a kan kowane murabba'in inci, 1 kuma yana nufin ana iya aiki da ita a kwance da a tsaye da sama da kai, 3 ɗin ƙarshe kuwa yana nuna irin garin da aka lulluɓe ta da shi da irin wutar da ta dace da ita. An bayyana mana cewa ciwon idon nan da ke tayar da yaro cikin dare, ya ji kamar an watsa masa yashi, ƙuna ce da hasken walda ke yi wa saman ƙwayar ido, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya hana ta. An kuma gaya mana ƙarara cewa madarar gwangwani da muke sha bayan mun ƙona bututu mai farin rufi ba ta maganin hayaƙin da ya riga ya shiga huhu, abin da ke kare mutum shi ne iska mai wucewa da goge rufin kafin a sa wuta. Mu ma mun koya musu namu. Ranar da wuta ta yi rauni, wani daga cikinmu ya nuna wa injiniyan yadda muke ɗosa siririn bututu kaɗan-kaɗan ba tare da ya huje ba, wani kuma ya kwance masa bayanin injin walda naɗin gida, irin wanda ake naɗawa a nan Kano da Panteka ta Kaduna, injiniyan ya zauna yana rubutawa.

Inda horon ya fi taɓa ni shi ne batun koyarwa. Malamar da ta ɗauki wannan ɓangare ta raba mu ƙungiya-ƙungiya ta ce kowace ta rubuta, daki-daki, abin da yaro ke buƙatar sani kafin ya iya haɗa ƙofar ƙarfe shi kaɗai, sannan mu faɗi a wane wata ne muke koya masa kowane ɗaya. Na farkon mun yi shi cikin sauƙi: awo, da yanka, da daidaita kusurwa ta hanyar auna tsallake biyu a ga sun zo ɗaya, da ɗosawa, da cikawa, da gogewa, da fenti, da sa hinji da makulli. Na biyun ne ya gagare mu, saboda gaskiyar magana ita ce ba mu da wani lokaci da muke koyarwa. Yaro yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana shara da aike da riƙe ƙarfe da shafa fenti, abin da ya samu da idonsa ya sata, ranar da maigida ya fita ne yake ɗaukar sanda a ɓoye ya gwada. Awo da yanke farashi kuwa yawancinmu sai dab da yaye muke nunawa, wasu ma ba sa nunawa. Haka aka yi mini, haka na yi wa wasu, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko shekara 6 ɗin nan aikin ne ke buƙatar su ko ni ne ba.

Sai ta kawo mana ma'aunin sana'a da aka tsara a ƙarƙashin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna. An kasa aikin walda kashi-kashi, kowane kashi da abin da za a gani a hannun mai koyo kafin a ce ya iya. Da muka gwada shi da jerin da muka rubuta sai muka ga kusan abu ɗaya ne, bambancin kawai su sun sa kiyaye lafiya a gaba, mu kuwa ko ambatarsa ba mu yi ba. A nan gardama ta kaure. Wani ya miƙe ya ce, "Malama, idan na koya wa yaro komai cikin shekara ɗaya, gobe zai buɗe shago a gabana ya kwashe mini masu ciniki, kuma wa zai biya ni ƙarfen da ya ɓata?" Ba rowa ce ta sa shi faɗin haka ba, kuma ni ma abin yana raina. A tsarinmu uba ba ya biyan kuɗin koyo, aikin da yaron ke yi a shekarunsa na ƙarshe, bayan hannunsa ya faɗa, shi ne ladan maigida na ciyarwa da haƙuri da asarar kaya. Duk wanda zai gajarta koyo dole ya faɗi abin da zai maye gurbin wannan lada. Malamar ta ce yaron da ya iya aiki da wuri zai fi kawo wa shago kuɗi, kuma a yi yarjejeniya ya zauna wani lokaci bayan gwaji ana biyansa. Amsar ta gamsar da ni rabi, sauran rabin sai da na gani a aikace.

Mun koma shagunanmu da garkuwar fuska da safar hannu da takalman aiki da tukunyar kashe gobara, da ƙaramin injin walda na zamani irin wanda ake ce wa inbata, da littafin bibiya na kowane yaro. An ba ni sababbin yara 4, aka kuma amince na shigar da 3 daga cikin na hannuna. An rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, iyaye suka sa hannu, ni ma na sa, aka karanta wa kowa haƙƙinsa da Hausa. Ɗaya daga cikin sababbin almajiri ne, malaminsa na tsangaya ne ya tsaya masa a matsayin uba, ya ce mini, "Malam, amana ce na ba ka, karatunsa na asuba da na dare kada ya taɓu." Yaron bai san boko ba, amma da na ga yana rubuta awon taga da ajami a jikin bango ba tare da kuskure ba, sai na bar shi ya riƙa cike littafinsa da ajamin, babban yarona yana mayar masa da shi boko, kafin wata 6 kuma ya fara rubuta lambobi da gajerun kalmomi da kansa.

Matsalar farko daga cikin gida ta taso. Waɗanda ke cikin shirin ana tura musu ɗan alawus na mota da abinci, sauran yarana kuwa, waɗanda wasunsu sun riga su zuwa da shekaru, ba su da komai, sai aka fara kallon-kallo da ƙin taya juna aiki. Na tara su na ce alawus haƙƙin mai shi ne ba zan taɓa ba, amma darasi na kowa ne, kayan kariya ma na kowa ne, kuma duk wanda ya kai gwaji daga baya ni zan nema masa hanya. Na ware yammacin kowace Alhamis, muna ajiye aikin ciniki awa biyu, in ɗauki kashi ɗaya in nuna, kowa ya gwada a kan guntayen ƙarfe da nake sayowa a Kasuwar Ƙofar Ruwa, sannan in duba in sa hannu a littafin wanda ya iya, a ɗauki hoton aikin a ajiye. A watannin farko abin ya yi mini nauyi ƙwarai, musamman rubutun. Amma a wata na 5 na lura cewa ina iya barin yaro da taga ya gama ta ban tsaya a kansa ba, abin da a da sai a shekara ta 3 nake samu, kuma ɓarnar ƙarfe ta ragu domin sun daina yanka kafin su auna sau biyu. A nan ne sauran rabin amsar malamar ya cika.

Muna cikin haka aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya. Kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ƙarfe da sandar walda suka bi shi, masu ba da aiki suka ja baya, alawus ɗin da aka yanke wa yara tun kafin wannan lokaci kuwa ya koma ko kuɗin mota ba ya isa. Ƙaramin injin nan shi ya cece mu, domin ƙaramin janareta yana ɗaukarsa, tsohon injina naɗin gida kuwa sai babba. Duk da haka yaro ɗaya daga cikin sababbin ya daina zuwa, da na bi sawu gidansu aka ce ya bi 'yan uwansa wurin haƙar zinariya, saboda gidan ba zai iya jiran ya gama koyo ba. Wani abokin sana'a ya ba ni shawara na bar sunansa a rajista, na sa wani yaro ya riƙa amsawa. Na tuna tambayar dattijon nan da amsar da aka ba shi, na rubuta cewa ya tafi, na kuma rubuta dalili, domin idan kowa ya ɓoye waɗanda suka tafi, masu tsara shirin ba za su taɓa sanin cewa yunwa ce ke fitar da yara daga koyo ba.

Ni aka fara gwadawa kafin yaran, ta hanyar da ake tantance ƙwarewar da mutum ya riga ya samu a bakin aiki. Mai tantancewar ya zo shagona, matashi ne da na girme shi nesa ba kusa ba, amma ya san aikinsa kuma ya girmama ni. Babu zama a aji, babu rubuta jarrabawa. Ya ba ni zane ya ce na haɗa, ya koma gefe yana kallo yana rubutu, ya yi mini tambayoyi da baki da Hausa, ya duba hotunan ayyukana na baya, ya karɓi shaidar wani mai gini da na daɗe ina yi wa aiki, ya kuma sa aka lanƙwasa wani haɗi da na yi a ga ko zai buɗe. Haɗin bai buɗe ba. Amma da ya zo kan kashin kiyaye lafiya sai ya ce, "Baba, a wannan ba ka kai ba tukuna," saboda na ɗauki injin yanka ban sa gilashin ido ba, na kuma bar waya a kan hanya. A tsarin ba a cewa mutum ya faɗi, sai dai a ce ya ƙware ko bai kai ba tukuna, a ba shi lokaci ya gyara a sake duba wannan kashin kaɗai. Abin ya yi mini zafi a gaban yarana, amma gaskiya ya faɗa, kuma bayan mako 2 ya dawo na cika. Ina ganin babu darasin da ya shiga kan yaran kamar ganin an mayar da maigidansu saboda gilashi.

Cikin yara 6 da suka rage, 5 sun cika a karon farko, ɗaya ya maimaita walda a tsaye. Bayan mai tantancewa akwai wanda ke duba aikinsa a cibiyar da ke shirya gwajin, akwai kuma wani daga hukumar da ke ba da takardar, wanda ya zaɓi fayil biyu ya zo ya sake tambayar masu su, saboda haka sai da aka ɗauki watanni kafin takardun su iso. Ranar da suka iso malamin tsangayar nan ya zo da kansa, ya riƙe takardar almajirinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya yi mana addu'a.

Yau ɗaya daga cikinsu yana aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, kuma takardar ce ta sa aka ba shi damar gwaji. Biyu suna tare da ni ina biyansu a kan kowane aiki. Almajirin ya koma garinsu yana gyaran kura da garmar shanu da ƙofofi, ya kan kira ni idan awo ya rikice masa. Sauran biyun sun haɗa hannu sun kama rumfa, amma suna shan wahala, domin hannu suna da shi, jari da wuta ne babu, kuma lokacin da yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu a watan Oktoban 2024 sai da suka rufe. Takardar ma tana da iyaka, kuma ya kamata a riƙa gaya wa yara haka tun farko: matakin da suka samu ba ya kai mutum ga waldar bututun gas, wannan gwajinsa daban ne kuma horonsa yana da tsada. A ganina masu ba da tallafi sun fi iya ƙidaya waɗanda aka horar a kan bibiyar inda suke bayan shekara biyu, alhali a nan ne ake gane ko kuɗin ya haifu. Akwai kuma haɗin da nake ganin an bari ya wuce. A shekarar 2020 ɗin nan Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Kano na cikin jihohin farko da suka shiga, kuma duk ajin da aka gina ko aka gyara yana buƙatar ƙofa da taga da kujera. Da za a riƙa ware wani kaso na irin wannan aiki ga ƙungiyoyin masu sana'a da ke da yara masu takarda, da rance ɗaya ya taimaki ɗan uwansa.

Shirin ya ƙare, kuma ba na sa ran wani zai zo da wuri. Birtaniya ta rage taimakon da take bayarwa daga kashi 0.7 cikin 100 na jimillar arzikin da ƙasar ke samu a shekara zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar da za ta mayar da shi 0.3 daga 2027, Amurka kuwa ta rufe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, wato USAID, a 2025. Safar hannun da aka ba mu ta daɗe da yagewa, na sayi wata da kuɗina, injin ma an gyara shi sau biyu. Littafin bibiya ne da darasin Alhamis suka zauna daram, domin ba sa buƙatar dala, kuma yanzu kowane yaro a shagona yana da nasa, na sa an buga mini irinsa a wurin masu ɗab'i. Abin da ke buƙatar kuɗi shi ne gwajin, tunda yanzu babu mai biya mana. A ƙungiyance mun amince kowane shago ya riƙa zuba wani abu duk mako a asusu ɗaya domin biyan kuɗin tantance yara, mun kuma zaɓi mutum biyu daga cikinmu da suka yi karatu mai ɗan zurfi za mu tura su horon zama masu tantancewa, domin a rage tsadar ɗauko wani daga nesa. Shaguna 11 ne suka fara zubin, 4 sun tsaya da azumi ba su dawo ba tukuna. Dattawan nan biyu da takardu suka hana shiga an riga an gyara wa ɗaya sunansa, kuma su muka sa a gaban jerin waɗanda za a fara tantancewa idan kuɗin ya taru, sai yara 3 daga shagona da na yi wa alkawari tun ranar da na tara su a kan batun alawus.